Tsofaffin kujeru masu ɗinkin hannu: a adana rufinsu ko a kware a sa sabo?

Maman Sadiya, Kaduna:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kujera da waɗanda suka san ɗinki a cikinmu. Wani mai sayar da kayan gwanjo da ke ɗauko kaya daga Kwatano ya nuna mini kujeru biyu masu hannu, iri ɗaya, ya ce tsofaffin kujerun Faransa ne da suka haura shekara 200. Katakonsu mai duhu ne, ƙafafun a lanƙwashe suke, kuma an sassaƙa 'yan furanni a saman majingina da gaban mazauni. Abin da ya ja hankalina shi ne rufinsu, domin ba yadin da muka saba gani ba ne: a majingina akwai hoton wata mace da tumaki a gindin bishiya, a mazauni kuma damin furanni, launukan duk sun kwanta, har ganyen da ya kamata ya zama kore ya koma shuɗi-shuɗi. A bakin mazaunin ɗaya zaren ya ci har ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Kuɗin da ya sa musu ya kusa isa in sayi sabon saitin falo a wurin kafintocinmu. Maigidana ya ce in dai katakon yana da ƙwari, a saya a kai wa masu kushin su kware tsohon rufin su sa karan-miski, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ta yaya zan gane ko maganar shekarun nan gaskiya ce, kuma idan na saya, adana rufin ya dace in yi ko canza shi?

Malam Ɗanladi mai kushin, Kano:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a shiga ciniki, ki sa a kifa kujerar a kan tabarma ki duba cikinta, domin mai sayarwa yakan gyara fuskar kujera da man goge katako, amma ba kasafai yake taɓa ƙarƙashinta ba. Za ki tarar da baƙin ƙyalle an rufe gindin da shi. Ki roƙe shi ya ɗaga kusurwa ɗaya, ki haska da fitilar waya. Idan kika ga soso, ko filawud, ko 'yan ƙusoshin waya na bindigar kushin, to aikin bai daɗe ba, ko kuma an sake shi daga baya, saboda soso bai shigo sana'armu ba sai cikin ƙarni na 20. A tsohon aiki, ɗamarar algarara ake gittawa a kafe ta da ƙananan baƙaƙen ƙusoshi, a shimfiɗa buhu a kai, sannan a cusa gashin doki a ɗinke shi da igiya har bakin mazaunin ya tsaya da kansa. Idan kika danna da tafin hannu za ki ji gashin yana ƙaras-ƙaras, soso kuwa shiru yake yi.

Daga nan sai ki duba inda ƙafa ta haɗu da katakon da ya kewaye mazauni. Masassaƙan zamanin baya huda suke yi su zura harshen katako a ciki, su soke shi da ƙusar itace, kuma za ki ga kan ƙusar ya ɗan ɗago, bai zama zagayayye sumul ba. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai a shekarun 1930. Cikin katakon da ido ba ya gani, idan hannu ne ya yi shi, za ki ji kaushin zarto da magagari a yatsanki, kuma furannin kujerun biyu ba za su zo daidai da juna tsaf ba.

Game da rufi kuwa, ina tare da Alhaji, maigidanki. Don zama aka yi kujera, kuma zaren da ya fara ci a bakin mazauni ba ya tsayawa, sai dai ya ci gaba.

Hajiya Hadiza, Liyon:

'Yar'uwa, fasalin da kika kwatanta, lanƙwasassun ƙafafu da furanni a goshin majingina, shi ne salon zamanin Sarki Luwi na 15, wanda ya mulki Faransa daga 1715 zuwa 1774. A zamanin magajinsa, Luwi na 16, ƙafafun sun miƙe, ana yi musu tsagogi a tsaye. To amma salo daban, shekaru daban. Tun daga zamanin Napoleon na 3, tsakanin 1852 da 1870, masu hali a Faransa suka koma sha'awar kayan sarakunan da, sai masassaƙan unguwar Saint-Antoine a birnin Faris da na sauran garuruwa suka yi ta ƙera irin waɗannan kujeru ba adadi, kuma ba su daina ba har tsakiyar ƙarni na 20. A nan Liyon ta ƙasar Faransa inda nake zaune, a kasuwannin tsofaffin kaya na ranar Lahadi da ƙananan gidajen gwanjo, kujerun wancan lokaci sun yi yawa kuma ba su da tsada, saboda matasan yanzu gidajensu ƙanana ne kuma ba sa son kayan kakanninsu. Ta ainihin ƙarni na 18 mai rufinta na asali ba a cusa ta a kwantena tare da firji da katifu. Manyan gidajen gwanjo ake kai ta, da takardar masani a jikinta.

Akwai alamu biyu da zan ƙara a kan na Malam Ɗanladi. Daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa 1791, lokacin da aka rushe ƙungiyoyin masu sana'a, doka ta wajabta wa masassaƙan Faris su buga sunansu da hatimin ƙarfe a jikin aikinsu, yawanci a cikin katakon da ke ƙarƙashin mazauni. Da haka ake gane aikin mutane irin su Georges Jacob, wanda ya zama cikakken gwani a 1765. Rashin hatimi bai ƙaryata tsufa ba, domin masassaƙan ƙananan garuruwa da yawa ba su buga ba, haka kuma ganinsa bai isa hujja ba, domin ana buga na jabu. Alama ta biyu ita ce sifirin. An yi rajistar sifirin na kujera a Landan a 1828, saboda haka kujerar zamanin Luwi na 15 ba a ƙera ta da shi ba, ko da yake masu gyara sun ƙara wa tsofaffi da yawa daga baya.

Shi kuma rufin, iri uku ne ke yawo a kasuwa, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai saƙar hannu ta masaƙun Beauvais, da aka kafa a 1664, da ta garin Aubusson, wanda ya sami amincewar fada a 1665, kuma UNESCO ta sa saƙarsa cikin gadon al'adun duniya a 2009. A wannan, hoton yana cikin saƙar kanta. Akwai ɗinkin allura a kan ƙyalle mai ramuka, wanda matan gida suka fi yi da zaren ulu. Akwai kuma na injin Jacquard, wanda aka ƙirƙiro a nan Liyon a 1804, kuma shi ya fi cika kasuwa. Makiyayiya da tumakinta hoto ne da dukkan ukun suka yi ta maimaitawa, don haka hoton ba zai gaya miki komai ba.

Malam Tanimu mai ɗinki, Zariya:

Allah ya saka wa Hajiya Hadiza da alheri. Ni ban san kujerun Turawa ba, amma a kan allura da zare aka raine ni, kuma hannu ba ya ɓuya a kowace ƙasa. Hajiya, wurin da ya ci ɗin nan shi ne zai ba ki amsa. Idan kika ga raga-raga mai ƙananan murabba'ai a ƙarƙashin ulun, kuma kowane ɗinki ya kwanta a karkace a kan mahaɗar ragar, to ɗinkin allura ne. Ki duba fuskar macen da hannuwanta: masu wannan aiki sukan ƙanƙanta ɗinki a fuska don kamanni su fito, su kuma girmama shi a fili da ganyaye don aiki ya yi sauri. Idan kuwa kika ga layuka a jere kamar haƙarƙari, da 'yan tsagogi a inda launi biyu suka haɗu, an kuma ɗinke tsagogin da allura, to saƙar hannu ce. Na inji ana gane shi ta baya, inda zaruruwa masu launi iri-iri suke bi daga wannan gefe zuwa wancan ba yankewa, kuma kujerun biyu za su zo iri ɗaya ba bambancin ko ɗigo.

Koren da kika ce ya koma shuɗi ya faranta mini rai. Marinan zamanin baya ba su da kore guda. Sai sun tsoma zare a shuni, sannan su tsoma shi a ruwan ɗorawa na tsirrai. Ruwan ɗorawan ba ya jure haske, shuni kuwa yana jurewa, kamar yadda duk wanda ya san aikin karofin Ƙofar Mata zai shaida, shi ya sa bayan shekaru masu yawa ganye ke komawa shuɗi. Rinin kamfani bai fara ba sai 1856, kuma masu aikin hannu ba su bar na tsirrai a rana ɗaya ba, don haka wannan alama ce ta tsufa, ko da ba ta faɗi shekara ba.

Inda ban yarda da Malam Ɗanladi ba shi ne maganar kwarewa. Na san watannin da babbar riga mai aska takwas ke ci a hannun mutum kafin ya miƙe bayansa, kuma mazauni da majingina da matasan hannu na kujeru biyu ba za su gaza haka ba. Katako idan ya karye kafinta zai sassaƙa wani. Wannan ɗinki idan aka yage shi, ba wanda zai mayar da shi, kuma abin da zai rage a falon Hajiya kujera ce da kowane kafintan kirki a Kano zai iya kwaikwaya.

Alhaji Mamman, Maraɗi:

Na daɗe ina ɗauko kaya daga Kwatano, saboda haka bari in yi wa abokin sana'ata adalci. Mafi yawanmu ba mu taka Turai ba. Akwai masu kwashe kayan gida a Faransa da Beljiyam idan tsoho ya rasu ko iyali za su ƙaura, su ne ke sayar wa masu loda kwantena a dunƙule, mu kuma mu saya a bakin tasha, a gaya mana abin da aka gaya mana. Mai yiwuwa shekara 200 ɗin nan haka ya ji ta, ba ƙirƙira ya yi ba. Amma Hajiya ba labari za ta saya ba, don haka ta yi ciniki a kan abin da idonta ya gani.

Abin da nake so ta kiyaye shi ne kujerun Dumyat ta ƙasar Masar. Garin nan ya shahara da sassaƙa kujeru a salon Faransa, kuma suna sa musu rufi mai irin wannan hoto, wani na inji, wani na hannu. Wadda ta shekara 30 a wani falo ta sha ƙura, wanda bai sani ba zai rantse ta ga zamanin sarakuna. Ba laifi ba ne a saye ta, aiki ne mai kyau, amma a saye ta da kuɗinta.

Anti Binta, Gusau:

Ƙanwata, kowa yana maganar kujera, ni maganar gidanki zan yi. Falonmu ba na kallo ba ne. Ranar suna ko gaisuwa, mata goma za su shigo da goyo, yara za su hau hannun kujera da tuwo a yatsu, kuma ba za ki iya ce wa surukarki ta tashi daga kan kujera saboda ɗinki ba. Ga turaren wuta da muke yi safe da yamma, hayaƙinsa yana da maiƙo, yana kama ulu, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Ga asu, wanda ba abin da yake so kamar tsohon ulu a ɗaki mai duhu. Sannan duk kujerar gwanjo mai cushe, kafin ta kwana a gida sai an bi bakin ɗinkinta da fitila an duba kuɗin cizo da baƙaƙen ɗigon kashinsa, domin idan ya shiga gida, fitar da shi ya fi kuɗin kujerar. Idan kina da ƙaramin falo na sama ko turaka da baƙi ba sa shiga, to ki saya. Idan babban falo za ki kai su, ki bar wa wani.

Malam Abdulƙadir, Katsina:

Tun da an ambaci hoton mace da tumaki, ya kamata a taɓo hukuncinsa, domin wata rana baƙo zai tambaya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, sai ta yanka shi ta yi matasai. Daga nan malamai suka bambanta hoton da ake ɗaukakawa da wanda ake takawa ko jingina a kai. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin mai rai, cikakke, mai inuwa. Hoton da ke shimfiɗe a jikin ƙyalle makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuwa a abin zama ko shimfiɗa yake, barinsa ya fi amma ba a ce haramun ba. Wasu malaman sun fi tsanantawa, kuma wanda ya bi su ya yi tsantseni. Abin lura ga Hajiya shi ne, hoton da ke majinginar kujera ya fi sauƙi a hukunci a kan a cire shi a sa a firam a rataye a bango, kuma kada a ajiye kujerar a gaban mai salla.

Maman Sadiya, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na koma shagon tare da ƙanena, an kifa kujerun, ga abin da muka gani. Babu soso, babu filawud. Akwai ɗamarar algarara da ta saki, akwai sifirin masu tsatsa da aka ɗaure da igiya, kuma ta wata ɓula mun zaro baƙin gashi mai murɗe-murɗe. A kowace kusurwa akwai guntun katako mai kusurwa uku da aka ɗaure da sukuru mai tsaga ɗaya a kai. Ba mu ga ƙusar itace a mahaɗa ba, ba mu ga hatimi ba, kuma cikin katakon sumul yake. Rufin kuwa, Malam Tanimu, yadda ka faɗa haka yake: akwai raga a ƙarƙashi, ɗinkin fuskar ƙanana ne ƙwarai, kuma tumakin kujera ɗaya uku ne, na ɗayar biyu da ɗan rago. Abin da ya dame ni shi ne ƙafar baya ta kujera ɗaya, mai ƙananan ramuka da yawa, da muka ƙwanƙwasa ta sai wani farin gari ya zubo. Anti Binta, mun duba kuɗin cizo ba mu gani ba, kuma ina da ɗakin karatun Alhaji wanda yara ba sa shiga.

Hajiya Hadiza, Liyon:

Da wannan bayani, 'yar'uwa, ra'ayina shi ne kujerun nan na ƙarshen ƙarni na 19 ne ko farkon na 20. Katakon da inji ya goge cikinsa, da rashin ƙusar itace, da sifirin, da gutattakin kusurwa, duk wuri ɗaya suke nunawa. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. A ƙa'idar kwastan ta duniya, abin da ya haura shekara 100 shi ake lissafawa cikin kayan tarihi, kuma naki suna iya kaiwa ko su kusa. Amma kuɗin da aka sa musu na shekara 200 ne, don haka ki nuna wa mai kayan abin da kika gani, ki nuna masa ƙafar nan, ki taya ƙasa sosai.

Abin da ya fi damuna a kansu shi ne iskarmu. Yawancin waɗannan kujeru da icen da ke tsiro a ƙasashen sanyi aka yi su, sun shekara ɗari a gidajen da laimar iska ba ta sauka ƙwarai. Gidajen adana kayan tarihi suna ƙoƙarin tsayar da laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, alhali a hunturun Arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan ta haura sama a watan Agusta. Katako yana tsukewa yana kumbura tare da ita, mahaɗa ta saki, tsohon gam ya bushe ya farfashe. Kada ki ajiye su kusa da taga, kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa dukansu kai tsaye, kuma ki bar tazara tsakaninsu da bango saboda gara. Rana ita ce babbar abokiyar gabar ɗinkin, domin launin da ta cinye ba ya dawowa. Ki ɗinka musu riga ta farin yadin auduga da aka wanke, a cire ta lokacin da ake so a gan su. Ruwa da sabulu kada su taɓa ulun. Idan za a cire ƙura, a ɗora gidan sauro a kai, a bi da injin zuƙar ƙura a mafi ƙarancin ƙarfinsa.

Malam Ɗanladi mai kushin, Kano:

Tun da hannu ne ya yi ɗinkin, ba zan ce a yage shi a zubar ba. Amma ɗamarar da ta saki dole a sake ta, in ba haka ba sifirin za su turo daga ƙasa, nauyin mai zama ya danno daga sama, ɗinkin ya shiga tsakani ya tsage. Shawarata ita ce a zare ƙusoshin a hankali, a cire rufin gaba ɗaya a naɗe a ajiye, a gyara cikin da kyau, a sa yadi mai ƙwari wanda Alhaji zai zauna a kai yana karatu ba fargaba.

Malam Tanimu mai ɗinki, Zariya:

Malam, ka fi ni sanin cewa bakin rufin da ya shekara ɗari a ƙarƙashin ƙusoshi masu tsatsa ya riga ya ruɓe a layin ƙusoshin, kuma yana iya fita gutsi-gutsi komai taushin hannun mai cirewa. Abin da aka naɗe aka sa a akwati kuma abincin asu ne, domin ba mai buɗewa. Ai ɗamara ta ƙasa take, me zai hana ka sake ta ta ƙasan, ka ɗaure sifirin daga nan, ba tare da ka taɓa saman ba? Wurin da ya ci kuma, ana iya zura ƙyallen lilin a ƙarƙashinsa da lanƙwasasshiyar allura, a kwantar da zaruruwan da suka saki a kansa da siririn zare, sannan a rufe bakin mazaunin da lallausar raga mai launin wurin. Ba a cike gurbin da sabon ulu mai haske, domin sabon zai fi tsohon ƙarfi, ya ja shi ya yage, ga shi kuma zai yi ta tsone ido.

Baba Audu, Bauci:

'Ya'yana, na saurare ku, kuma ina so in tunatar da Maman Sadiya cewa tsohuwar kujera ba sai ta tsallako teku ba. Mu da muka yi aikin gwamnati muka zauna a kwatas, mun san kujerun da ma'aikatar ayyuka ta PWD ta riƙa sa wa gidajen ma'aikata: katako zalla, faffaɗan hannu da za ka ɗora kofin shayi, majingina mai sanduna, da kushin guda biyu da ake ɗagawa a kakkaɓe. Da icen ƙasar nan aka yi su, irin su maɗaci da iroko, waɗanda suka san hunturu suka san damina, kuma gara ba ta cika damun iroko ba. Har yau ana samunsu a tsofaffin gidaje an jingine su a baranda, ana sayar da su arha saboda idon mutane ya koma kan masu ruwan zinare na Turkiyya da Sin.

Ga wanda yake neman tsohuwar kujerar da za a zauna a kai kullum, irin wannan nake ba shi shawara, kuma a nan ne ɗinkin su Malam Tanimu zai sami wurin zama, domin rigar kushin da aka yi da saƙi aka yi mata ɗinkin Zariya, ko aka yi ta da jar fatar Sakkwato, ana cire ta a gyara a mayar. Kuma duk kujerar da mutum zai saya, ya zauna a kanta tukuna, ya ga ko tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, ya dafa hannuwanta ya miƙe ya ji ko ta yi motsi. Tsayin mazauni daga santimita 42 zuwa 45 shi ya fi dacewa da yawancin mutane, wadda ta gaza haka kuwa mai ciwon gwiwa irina yana shan wahalar tashi daga kanta.

Malam Ɗanladi mai kushin, Kano:

Baba, Allah ya ƙara girma, waɗannan kujeru suna zuwa shagona, kuma ban taɓa sake wa ɗaya ƙafa ba. Malam Tanimu, gyara ta ƙasa yana yiwuwa, sai dai aikin ya fi cin lokaci, kuma ba zan yi wa Hajiya alkawarin cewa mazaunin zai ɗauki zaman kullum ba. Zaman mutum ɗaya lokaci-lokaci zai ɗauka. Idan ta yarda da haka, ni zan yi ƙasan, kai ka yi saman.

Amma kafin duk wannan, ƙafar nan ce ta farko, Hajiya, kuma kada kujerar ta shiga ɗakin da ke da littattafai da kantoci sai an gama da ita. Farin gari yana nuna ƙwaron yana iya kasancewa da rai. Ki ajiye ta ita kaɗai a inuwa, a kan daɓen siminti, ki shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashin ƙafar, ki bar ta kamar mako biyu ba mai taɓawa; idan sabon gari ya taru, yana ciki. Sai a ɗura maganin ƙwarin katako a kowane rami da sirinji, a nesa da ɗinkin, a maimaita bayan 'yan makonni. Kada kowa ya ba ki shawarar baƙin mai ko kalanzir, domin suna bin katako su hau har su ɓata ulun, kuma kada a shanya ta a rana da sunan kashe ƙwaro. Ki soka tsinin allura a ƙafar: idan ya tsaya a kusa, icen yana nan, idan ya nutse ba turjiya, sai an yanke ruɓaɓɓen an dasa sabon ice. Mahaɗar da ta saki kuma da gam ɗin fata da ake narkawa a ruwan zafi za a mayar da ita, irin wanda aka haɗa ta da shi tun farko, saboda duk wanda zai gyara ta nan gaba ya iya buɗewa da ruwan ɗumi ba tare da ya fasa katakon ba. Ki tambayi mai kayan ko zai yarda ki ajiye rabin kuɗi har a ga abin da takardar za ta nuna.